A Tsallaken Ƙofar Ciyaman

A unguwar, Mai Kujera ake ce mata, har yaran da aka haifa bayan ta karɓi shagon ba su san tana da wani suna ba. A wurin mahaifinta ta koyi aikin, tun tana miƙa masa ƙusa, kuma da ya rasu ita ta ci gaba da buɗe ƙofar. Shagon ɗaki ɗaya ne mai rumfar kwano a gaba. A ciki akwai keken ɗinki na ƙafa, da dogon teburin yankan yadi, da tarin soso har rufi idan kasuwa tana ci. Tsofaffin kujeru ake kawo mata, waɗanda suka lotsa ko yara suka yage, ta feɗe su har sai katako ya fito, ta sake musu soso da yadi. Da wannan take riƙe da 'ya'yanta mata biyu da mahaifiyarta, Inna, tun da mijinta ya rasu.

Ƙanenta, Auta, direban wani attajiri ne da kowa ke kira Ciyaman, ko da yake in ka tambayi ciyaman ɗin mene ne sai a yi ta kallon juna. Auta ne ya kawo mata aikin, yana ta washe baki. Maigidansa ya gina babban ɗakin taro na haya, ya kuma sayi kujerun wani otal da ya rufe a kan arha, yana neman wanda zai mayar da su sababbi.

"Yaya, wannan aikin in kika yi shi, kin huta," in ji shi. "Ni na ce masa babu kamarki a garin nan."

Aiki ne babba, wanda ba ta taɓa yin irinsa ba. An ba ta kashi ɗaya cikin uku a matsayin kafin alƙalami, aka ce sauran sai ta gama. Kuɗin bai kai na kayan aiki ba, don haka ta karɓi soso da yadi bashi a wurin wani dattijo mai soso da ya san mahaifinta. Ta ɗauki teloli biyu na wucin gadi. Kujeru suka cika shagon, suka cika rumfa, har tsakar gida sai da aka jera su, Inna tana ratsawa tana mita wai ta rasa inda za ta shanya wanki. Da aka gama, yatsun Mai Kujera duk sun sha ɗauri da tsumma, amma da aka jera kujerun a ɗakin taron, ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo.

Aka buɗe ɗakin taro. Kowane ƙarshen mako motoci cike da harabar. Kuɗinta kuwa, daga gobe sai jibi, daga jibi sai mako mai zuwa. Akantan ofishin Ciyaman ya ce sai maigida ya sa hannu, sakatariya ta ce Ciyaman ya yi tafiya, alhali Auta ne ya sauke shi a ofis da safen. Da wata ya zagayo ta biya telolin nan daga ɗan abin da ta ajiye na makarantar yara, sannan ta yi wanka, ta sa kayanta na fita, ta tafi ofishin da kanta.

Sakatariya ta bar ta a zaune tun safe har rana ta karkata. Kujerar ɗakin jiran ta lotsa a gefen hagu, kuma Mai Kujera ta kama kanta tana laluben ƙasanta da hannu don ta gane inda ta karye. Can aka ce ta shiga.

Ta zaci za ta ga ƙaton mutum. Ciyaman ɗan siriri ne, gajere, yana zaune a bayan tebur mai faɗin gado. Ba ya ɗaga murya. A hankali yake magana, ta yadda dole mai sauraro ya ranƙwafa, kuma ta lura duk wanda ya shigo ɗakin a ranƙwafe yake fita. Bai ce ta zauna ba.

"Ke ce mai kujerun?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Launin ba shi na ce ba. Ja na ce, kin kawo mini wani abu kamar hanta."

"Ranka ya daɗe, kai ka zaɓa. A mota aka miƙo maka yankin yadi kala-kala, ka ɗora yatsa a kan wannan."

"Wato ƙarya nake yi."

"Ban ce ba."

Ya dube ta a karon farko, daga ɗankwali har takalmi, ba gaggawa. Ta dafa jakarta da hannu biyu.

"Ki je wurin akanta ya ba ki rabin abin da ya rage," in ji shi. "Mu rabu lafiya."

"Rabin ko bashin soso da yadi ba zai biya ba."

"Wannan tsakaninki da mai soso ne." Ya jawo ɗaya daga cikin wayoyinsa. "Ƙanenki ne direbana, ko? Yaron kirki. Na ji matarsa tana da ciki."

Daga haka bai ƙara kallonta ba. Ta tsaya ɗan jim, ta ga da waya yake magana, ta juya ta fita. Ba ta bi ta wurin akanta ba.

A gida ta tarar da Auta ya riga ta, yana zaune a bakin tabarmar Inna, ya sunkuyar da kai. Inna ba ta bari ta ajiye jaka ba.

"Ki karɓi rabin nan, ki rufa mana asiri. Irin mutanen nan ba a ja da su."

"Inna, in na karɓi rabi, shagon Baba zan rufe. Da me zan biya mai soso?"

"A ba shi haƙuri."

"Haƙurin ne zai kai wa waɗanda suka ba shi kaya?"

Inna ta juya wurin Auta. "Kai ba za ka ce komai ba?"

"Me zan ce, Inna? Ni na kawo aikin." Ya murza idonsa. "Yaya, mutumin nan na san shi. Bai taɓa biyan kowa cikakke ba. Duk wanda ya yi masa aiki, sai ya bar masa wani abu."

"Ka sani, ka kawo ni?"

"Na ɗauka ke zai ji kunyata."

Mai Kujera ta shiga ɗaki ta canza kaya.

Washegari ta je wurin mai soso. Dattijon ya saurare ta har ƙarshe, ya ba ta wurin zama, ya sa aka kawo mata ruwa. Sannan ya ce ba zai matsa mata ba, amma ba zai iya ƙara ba ta ko taki ɗaya na soso ba sai ta rage wani abu, don shi ma bin sa ake. Ta ce ta gane. Ta dawo shago ta zauna a kan teburin yanka. Abin da ya rage a ciki guntayen soso ne a buhu, da ragowar jan yadin nan, da wata tsohuwar kujerar malamin makaranta da aka kawo gyara tun kafin babban aikin. Ta yi tunanin kotu, ta tuna ba ta da kuɗin lauya, kuma shi yana da lauyoyi har na ajiya. Ta yi tunanin ci gaba da zaman ɗakin jira, ta ga kowace rana ta zauna can, ranar ba a ɗora tukunya da guminta ba. Daga nan ta miƙe ta je ta aro amalanken mai gawayi.

Ofishin Ciyaman yana kan babban titi, da doguwar katanga da baƙar ƙofar ƙarfe. A tsallaken titin, daidai saitin ƙofar, akwai wata bishiya mai inuwa da ɗan fili da ba na kowa ba. Nan ta sauke kujerar malamin, da akwatin kayan aikinta, da ɗan benci. Ta ɗaure zanenta sosai, ta kifa kujerar, ta fara zare tsofaffin ƙusoshi.

Maigadin ofishin, wani dogon tsoho mai gashin baki, ya leƙo ya koma, ya sake leƙowa. Can ya tsallako.

"Baiwar Allah, lafiya? Nan ba kasuwa ba ce."

"Lafiya lau, Baba. Maigidanku nake jira. Na ga jiran da tsawo, shi ya sa na zo da aikina."

Ya dubi kujerar, ya dube ta, gashin bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya. Ya koma bakin ƙofarsa.

Da motar Ciyaman ta iso, ta ajiye guduma ta miƙe tsaye, ta gaishe shi daga inda take. Gilashin baƙi ne, ba ta ga fuskarsa ba. Ta ga ta Auta dai, ta gilashin gaba, ya kafe ido a kan ƙofa kamar bai taɓa ganin ƙarfe ba.

Haka ta ci gaba. Kullum da safe ta turo amalanke, da yamma ta tura ta koma. Ba ta rubuta komai a kwali ba, ba ta yi wa kowa ihu ba. Amma mace tana gyaran kujera a bakin babban titi abin kallo ce, kuma mutane ba sa rasa tambaya. Duk wanda ya tambaya sai ta gaya masa, a taƙaice, ba ƙari: ta yi wa mai wancan ofishin aiki, bai biya ta ba, tana jiran sa. Wasu su girgiza kai su wuce. Wata mata mai shagon magani ta aiko da kujerar teburinta a gyara. Wani mai gyaran taya ya kawo kujerar babur. Da kuɗin waɗannan take sayen ɗan soso a hannu, ta sayi abincin gida. Maigadi kuma, idan rana ta take, sai ya tsallako kamar zai zubar da shara, ya ajiye mata gorar ruwa a gindin bishiya.

Wata safiya 'yan sanda biyu suka zo a mota. Suka ce an kai ƙara tana tare hanya tana ɓata sunan mutane. Ta ce su auna su gani ko ta taɓa kwalta. Ba su auna ba. Suka kwashe akwatin kayan aikin da bencin, suka ce ta shiga mota.

A ofishinsu ta wuni a kan wani dogon katako, kusa da wata mata da aka kamo kan faɗan maƙwabta. Tsoro ya kama ta sosai a wurin, ba na ɗaurin ba, na yaranta da za su dawo makaranta su ji labari a bakin mutane. Da yamma babban jami'in ya kira ta, ya tambaye ta abin da ya faru, ta faɗa. Ya daɗe yana juya biro a hannu.

"Kin zage shi?"

"Ban zage shi ba. Gaishe shi nake yi."

"To ki daina gaishe shi," in ji shi, kamar wanda ya gaji. "Ki tafi gida. Kayanki sai an gama bincike."

Mai soso ne ya zo ya tsaya mata, da sandarsa da tarinsa. A hanya bai yi mata faɗa ba. Ya ce kawai mahaifinta ma haka yake, in ya kafe sai dai a zagaye shi.

Da gari ya waye ta koma gindin bishiya, ba guduma ba almakashi. Ta zo da babbar allura da zare da matasan kujera guda biyu na mai shagon magani, ta zauna a kan bulo tana ɗinki da hannu.

Ranar motar ba ta shiga ƙofa ba. Ta tsaya a bakin titi. Auta ya fito, ya tsallako a hankali, ya tsuguna a gabanta kamar yadda yake yi tun suna yara in ya yi ɓarna.

"Yaya, an ce in ce ki tashi."

"Na ji."

"An ce in ba ki tashi ba, in ajiye makulli."

Ta soke allurar a jikin matashin. Ta dubi ƙanenta. Ita ta goye shi, ita ta biya kuɗin koyon tuƙinsa, kuma ta san wata nawa ya rage matarsa ta haihu.

"Auta, in na tashi yau, gobe ma da kai zai riƙa kama ni. Kai ma da ni zai riƙa kama ka. Ka koma ka ce ka faɗa mini, na ƙi. Ka ce na zage ka ma in kana so."

"Ba zai yarda ba."

"Na sani."

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe, ya koma, ya shigar da motar. Kafin azahar ya fito ta ƙaramar ƙofa da ƙafa, riƙe da 'yar ledar da yake ajiye hularsa da buroshi, ya bi titi bai kalli tsallake ba.

Gidan ya yi zafi kwanakin nan. Inna ta daina yi mata magana sai ta bakin jikoki. "Ku gaya wa uwarku abinci na nan." Matar Auta ta zo da yamma, da cikinta a gaba, ta tsaya a tsakar gida ta ƙi zama.

"Yaya, kin kyauta. Naki bai fito ba, namu ya tafi."

"Ki zauna, ƙafarki ta kumbura."

"Ba zama na zo yi ba. In na haihu, a gindin bishiyar zan kwanta?"

Da matar ta tafi, Mai Kujera ta raba abin da ta samu ranar gida biyu, ta ba babbar 'yarta ta kai musu. Aka dawo da shi. Washegari ta sake aikawa, a cikin kwanon abinci, ƙarƙashin murfi. Kwanon ya dawo wankakke, ba kuɗin.

Ta karɓo aron guduma da almakashi a wurin wani kafinta, ta ci gaba da tura amalanke. Akwai wata gangara kafin a hau babban titi, inda kullum sai ta tsaya ta huta sau biyu. Wata safiya tana cikin turawa ta ji nauyin ya ragu. Auta ne ya kama ɗaya hannun.

"Ba wai na yarda da abin da kike yi ba ne," in ji shi, yana kallon gaba. "Zaman gidan ne ya ishe ni. Kuma turin naki abin kunya ne, sai ka ce mai koyon tafiya."

"Ka tura dai, direba."

Daga ranar shi ke kai ta, ya sauke kaya, ya tafi neman aiki, da yamma ya dawo ya ɗauke ta. Ba ya zama. Ya ce ba zai iya haɗa ido da maigadi ba.

Wani mutum mai ɗigon farin fenti a gira ya tsaya wata rana yana kallon aikinta. Ya tambaya, ta faɗa masa. Ya yi 'yar dariya marar daɗi, ya ce shi ya yi fentin ɗakin taron, ciki da waje, kuma an ce masa farin ya yi fari da yawa. Ya yarda da rabi tun tuni, don ba shi da yadda zai yi, amma ko rabin ba a cika masa ba. Ya zauna a kan bulo suka yi hira. Washegari ya dawo da ƙyauren taga guda biyu da gwangwanin fenti, ya jingina su a jikin bishiya ya fara shafawa. Bayan shi mai haɗa wuta ya zo, wani mai yawan magana, da fankoki uku da yake naɗa wa waya. Shi ya haɗa wutar ɗakin taron, aka ce masa fitilun suna da haske irin na asibiti.

"Ni na kira ku?" ta tambaye su.

"Inuwar taki ce?" in ji mai wuta.

Yanzu duk wanda zai shiga baƙar ƙofar sai ya ga mutum uku suna aiki a tsallake, kuma mai wuta ba ya jira a tambaye shi. Masu zuwa kama ɗakin taro sukan rage gudu su leƙo. Wata mata da ta zo biyan kuɗin haya ta tsallako da kanta, ta saurara, ta koma motarta ba ta shiga ba. 'Yan sanda sun sake wucewa sau ɗaya, suka dubi mutanen da suka taru ana gyara musu fanka, suka wuce. Sabon direban da aka ɗauka kuwa, ranar da ya ga idanu sun yi masa yawa, sai da ya goga motar a jikin ƙofa.

Ba a daɗe ba sakatariya ta tsallako da kanta, tana taka ƙasa a hankali saboda tsinin takalminta. Ta ce Ciyaman yana son ganin mai kujeru, ita kaɗai.

Wannan karon ba a ajiye ta a ɗakin jira ba. Akanta yana tsaye a gefe da ambulan a hannu. Ciyaman yana kallon taga, wadda daga cikinta ake hango bishiyar da kyau.

"Kin san zan iya sa a sare itacen nan yau?" in ji shi.

"Za ka iya, ranka ya daɗe. Sai in zo da lema."

Akanta ya yi tari. Ciyaman ya juyo. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, amma ta ga yatsansa yana bugun tebur.

"Ga kuɗinki nan, cikakke. Ki kwashe tarkacenki, ki kwashe mutanenki."

"Nawa zan kwashe. Su ba ni na kawo su ba, ba ni zan kore su ba."

"To babu kuɗi."

Ambulan ɗin yana nan, taku biyu tsakaninsu, kuma a cikinsa akwai mai soso, da makarantar yara, da barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ji kamar ta ce to, ta fita ta san abin da za ta gaya wa mai fenti. Sai dai ta san ko ta faɗa ba za su tashi ba, kuma ba ta son ta karɓi haƙƙinta a kan alkawarin ƙarya.

"Ranka ya daɗe, kuɗin kujeru na zo karɓa. Kujeru na yi, suna can ana zama a kansu. In akwai wani aikin da kake so in yi, wannan ciniki ne daban, kuma ban iya shi ba."

Ta gyara jakarta ta nufi ƙofa. Ba dabara ba ce, tafiya take da gaske, tana lissafin yadda za ta gaya wa Inna. Hannunta yana kan mariƙin ƙofa ta ji muryar nan ƙasa-ƙasa.

"Ba ta."

Akanta ya miƙo. Ta dawo ta zauna a kujerar da ba a ce ta zauna ba, ta buɗe ambulan, ta ƙirga a gabansu, ba gaggawa. Ya cika.

"Saura akwatin kayan aikina da ke wurin 'yan sanda," in ji ta. "Gudumar mahaifina tana ciki."

Ciyaman ya ɗaga wa akanta hannu, alamar a yi waya.

"Ƙanena fa?"

"Ba ni da aikin da zan ba danginki," in ji shi. "Kuma ke, ba za ki ƙara samun aiki a wurin duk wanda na sani ba."

"Allah ya ba mu na waɗanda ba ka sani ba," in ji ta, ta yi masa sallama.

A gindin bishiya ta gaya wa mai fenti da mai wuta komai, har da abin da aka nemi ta yi. Mai wuta ya ce ai yanzu ya ga hanya, ko shekara ce zai yi. Mai fenti ya tambaya ko za ta bar musu bulon. Ta ce ba nata ba ne, a nan ta same shi. Ta yi musu alkawarin leƙowa, kuma ta riƙa leƙowa, duk da aikin shago ya dawo ya riƙe ta. Daga baya an cika wa mai fenti rabinsa, ya karɓa ya tafi. Mai wuta ya ƙi karɓar ragi, ya kai ƙara kotu, kuma har lokacin da matar Auta ta haihu ana ta ɗaga shari'ar.

Auta bai samu aiki da wuri ba. Ya yi ta yawo, wasu su ce sai sun tambayi inda ya baro, daga nan shiru. A ƙarshe ya samu wata tsohuwar motar ɗaukar kaya yana ja, yana kai wa mai ita kuɗi kullum, abin da ke rage masa bai kai albashinsa na da ba. Mai Kujera ta ɗauki nauyin asibitin haihuwar ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Matar Auta ta gode mata a gajarce, kuma sai da jaririyar ta fara zama kafin ta sake shigowa gidan ta zauna. Inna ta koma yi mata magana kai tsaye, amma duk baƙon da ya zo sai ta gaya masa ta haifi masu taurin kai biyu, ɗaya ta fi ɗaya.

Wata yamma Auta ya kawo mata wasu kujeru daga gidan wani likita. Bayan sun sauke, ya zauna a rumfa yana goge zufa da hularsa, ita tana duba ƙafafun kujerun ɗaya bayan ɗaya.

"Yaya, in tambaye ki. Da kin san aikina zai tafi, da kin je gindin bishiyar nan?"

Ta girgiza wata ƙafa da ke lilo, ta yi mata alama da alli.

"Da na je," in ji ta. "Amma da na fara zuwa gidanka na gaya maka, kai da matarka, kafin in aro amalanke."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon titi.

"Da na hana ki," in ji shi.

"Da ka gwada dai. Tashi ka kama mini wannan mu shigar, hadari na haɗuwa."